Itacen Wane Ne? Tarihin Mallakar Daji da Farfaɗowar Itatuwa a Ƙasar Maraɗi, 1819–2020

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin dangantakar da ke tsakanin manoman ƙasar Maraɗi da itatuwansu, tun daga kafuwar masarautar Katsinar Maraɗi har zuwa dokar shekarar 2020 da ta tabbatar wa manomi itacen da ya rena a gonarsa. Ta nuna cewa dokokin gandun daji na 1935 da 1974 sun raba itace da mai gona, kuma hakan ya taimaka wajen ƙwaƙule karkara. Ta kuma nuna cewa farfaɗowar da aka gani daga 1984 ta biyo bayan komawar iko hannun jama'a ne. Daga ƙarshe maƙalar ta kwatanta nasarar da aka samu a gonaki da tangarɗar da aka fuskanta a dajin Baban Rafi, inda masu haƙƙi suke da yawa.

1.0 Gabatarwa

A farkon ƙarni na 21, masu bincike da suka haɗa da Chris Reij da Gray Tappan da Mahamane Larwanou sun kwatanta tsofaffin hotunan sama na kudancin Nijar da sababbin hotunan tauraron ɗan'adam. Sun tarar cewa ƙauyuka da yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram sun fi yawan itatuwa a kan yadda suke a 1975, alhali kuwa jama'arsu ta ninka. Ƙiyasin da ya bazu daga wannan aiki shi ne kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. Mafi yawan waɗannan itatuwa ba dasa su aka yi ba. Toho ne daga tsofaffin kututture da saiwoyi da iri da ke cikin ƙasa, manoma suka bari, suka gyara, suka tsare.

Labarin ya shahara a duniya a matsayin labarin wata dabara ta aikin gona, wadda Hausawan Maraɗi suke kira sassabin zamani. Amma barin toho a gona abu ne da manomin Hausa ya sani tun kaka da kakanni. Saboda haka tambayar da ta dace da mai nazarin tarihi ita ce: me ya sa aka daina, kuma me ya sa aka koma? Amsar tana cikin tarihin mallaka.

2.0 Daji da Gona Kafin Zuwan Turawa

Bayan da mayaƙan jihadi suka ci birnin Katsina a 1807, zuriyar sarakunan Haɓe suka yi arewa, inda a wajejen 1819 Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi, a bakin gulbi. Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Kusan duk tsawon ƙarnin nan ana kai wa juna hari tsakanin waɗannan masarautu da daular Sakkwato. Wannan ya sa jama'a suka dunƙule a cikin kwarin gulbi da garuruwa masu ganuwa, aka bar ƙungurmin daji tsakanin Maraɗi da Katsina da Zamfara. Dajin Rugu da na Baban Rafi ragowar wannan daji ne. Wajibi ne a faɗi wannan tun da wuri, domin kada a ɗauka hikimar gargajiya kaɗai ce ta tsare shi. Tsoron mahara ma ya tsare shi.

Duk da haka, dajin yana da masu shi. Binciken Guy Nicolas a kwarin Maraɗi ya bayyana yadda dangogin Anna, wato mazauna na asali masu bin addinin gargajiya, suke gadon sana'o'i tare da ikon da ke tattare da su: wasu noma, wasu farauta, wasu su da sha'anin ruwa, wasu ƙira. Ba a sare sabon daji sai da izinin masu gadonsa, kuma akwai wuraren iskoki da gatari ba ya shiga. Wanda ya fara sassabe ya kafa gandu shi da zuriyarsa ke da gonar, har da lokacin da aka bar ta saura. Itatuwan amfani da aka bari a cikinta, kamar ɗorawa da kuka da tsamiya da kanya da gawo, suna bin gonar, ko da yake al'ada ta bar wa mata tsintar busasshen itace da ganyen miya, ta kuma bar wa makiyayi kiwo bayan an kwashe amfani.

Gawo yana da matsayi na musamman. Yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa gero inuwa, sannan ya yi ganye da rani lokacin da dabba take neman inuwa da abinci. Ganyensa da kashin dabbobin da suka kwanta a gindinsa suna ƙara wa ƙasa ƙarfi. Ruwayoyin baka na Damagaram suna danganta wa Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo.

A ɓangaren daular Sakkwato ma an rubuta ƙa'idoji. Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Ta'alimur Radi a kan hanyoyin da mutum ke keɓanta da matacciyar ƙasa, inda ya yi bayanin raya ƙasa, da hurumin gari da na rijiya, da kuma filin da shugaba ke keɓewa don maslahar jama'a. Ke nan, a ɓangarorin biyu masu gaba da juna, daji yana cikin tsarin haƙƙoƙi da aka sani, kuma mai hukunci yana kusa da wanda ake hukuntawa.

3.0 Dokar 1935 da Tsoron Hamada

Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1904 da 1906 sun sanya Maraɗi a hannun Faransa, Katsina kuma a hannun Ingila. Da yaƙe-yaƙe suka ƙare, jama'a suka fantsama cikin daji suna kafa ƙauyuka. Harajin kuɗi ya tilasta noman sayarwa. 'Yan kasuwar Mancesta, waɗanda suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga a 1902, sun sa rai jirgin ƙasa zai kwaso musu audugar ƙasar Hausa, amma da layin dogo ya fara aiki a Kano a 1912 sai manoma suka zaɓi gyaɗa. Daga baya gyaɗar ta mamaye ƙasar Maraɗi, tana fita ta hanyar Kano. Gonaki suka faɗaɗa, lokacin barin saura ya ragu.

A 1934 E. P. Stebbing, farfesan ilimin gandun daji a Jami'ar Edinbara, ya ratsa yankin. A 1935 ya wallafa cewa Sahara tana tunkaro ƙasashen Afirka ta Yamma, ya ɗora laifin a kan manoma da makiyaya, ya kuma ba da shawarar kafa shingen daji. Gwamnatocin biyu suka tura kwamitin haɗin gwiwa da ya zaga kan iyaka a 1936 zuwa 1937. Kwamitin bai sami shaidar cewa yashin Sahara yana cinye ƙasa ba, ko da yake ya nuna damuwa a kan yawan sassabe. Rahotonsa bai yi tasirin da gargaɗin Stebbing ya yi ba. Hoton manomi a matsayin maƙiyin itace ya zauna daram a ofisoshin mulki, ya kuma daɗe fiye da mulkin mallakar kansa.

A ranar 4 ga Yuli 1935 Faransa ta fitar da dokar gandun daji ta yankunanta na Afirka ta Yamma. Dokar ta kasa dazuzzuka biyu: waɗanda aka killace, inda aka taƙaita ko aka soke haƙƙin jama'a, da sauran daji baki ɗaya wanda aka ce yana ƙarƙashin kariyar hukuma. Ta kuma ware wasu nau'o'in itatuwa da ba a sarewa sai da takarda, ko a ina suka tsiro. Wata dokar ta Nuwamba 1935 ta ba hukuma duk ƙasar da aka kira wofintacciya marar mai ita. Saura da makiyaya da dajin farauta, waɗanda kowane ɗan ƙauye ya san masu su, suna iya faɗawa cikin wannan ma'ana. A Nijeriya ta Arewa hanyar ta ɗan bambanta, domin an kafa gandun daji da yawa da sunan hukumomin En'e a ƙarƙashin dokokin 1916 da 1937, amma a can ma talaka ya koma mai neman izini a dajin kakanninsa.

4.0 Bayan 'Yancin Kai: Gona Tsaf, Ƙasa Tsirara

Samun 'yancin kai a ranar 3 ga Agusta 1960 bai canza wannan tsari ba. Dokar gandun daji ta 4 ga Maris 1974 ta gaji ruhin ta 1935, ta lissafa nau'o'in itatuwa 15 masu kariya, cikinsu har da gawo da ɗorawa da kaɗanya da kuka da tsamiya da aduwa da goriba da giginya da bagaruwa. Waɗannan su ne ainihin itatuwan gonar Bahaushe. Jami'an gandun daji masu kaki suke da ikon kamu da cin tara. Manomin da ya sassare reshen gawon da ya tsiro a gonar ubansa yana iya biyan tara. Lissafin ba shi da wuya: ɗan itacen da aka bari ya girma zai zama dukiyar hukuma kuma dalilin zuwan jami'i, wanda aka cire tun yana toho kuwa ba wanda zai tambaya. Dokar da aka yi don kare itace sai ta koya wa mutane kashe shi tun yana ƙarami.

A lokaci guda malaman gona suna koyar da noman zamani da garmar shanu da shuka a layi, wanda ke buƙatar a tumɓuke kututture. Gonar da aka share tsaf ta zama alamar manomin kirki, mai barin sabara da kalgo kuma ana yi masa kallon rago. Da farin 1968 zuwa 1974 ya zo, ya tarar da ƙasa tsirara. Iska tana binne shuka da yashi, har manomi ya yi shuka sau biyu ko uku a damina ɗaya. Mata suna doguwar tafiya neman itacen girki, wasu suna ƙona kara da kashin shanu da ya kamata su koma gona.

Maganin da hukuma da masu ba da agaji suka kawo shi ne dashe. Aka kafa wuraren renon dogon yaro da turare, aka mai da ranar 3 ga Agusta ranar dashen itace. An sami nasara a wasu wurare, musamman shingayen iska na dogon yaro da ƙungiyar CARE ta fara a kwarin Majiya a 1975. Amma gandayen ƙauye da yawa sun mutu, saboda babu wanda ya san ko wa zai ci amfaninsu, kuma ba wanda ke shayar da abin da bai tabbata nasa ba ne.

5.0 Shekarar 1984 da Sassabin Zamani

Abubuwa uku sun haɗu a tsakiyar shekarun 1980. Na farko, a watan Mayu 1984 gwamnatin Seyni Kountché ta kira taron ƙasa a kan yaƙi da hamada a birnin Maraɗi, inda aka amince cewa dole jama'a su shiga cikin aikin. Na biyu, damina ta ƙi a wannan shekara, yunwa ta auka wa ƙasar. Na uku, wani ma'aikacin mishan ɗin SIM ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda ya sha wahalar dashe ba tare da nasara ba, ya lura a 1983 cewa ƙananan kurmin da ke cikin gonaki toho ne na itatuwan da aka sare, masu tsofaffin saiwoyi da ransu. Dabarar ita ce a zaɓi tsiro mafi ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar a kowane kututture, a yanke sauran, a riƙa rage rassan ƙasa. Tun da saiwar ta riga ta kai ga danshi, irin wannan itace yana girma da saurin da dashe ba ya yi.

Lokacin yunwar, shirin mishan ɗin ya raba abinci a ƙauyuka wajen ɗari bisa sharaɗin barin itatuwa a gona. An rena kimanin itatuwa 500,000. Da rabon abinci ya ƙare, manoma suka sare wajen kashi biyu cikin uku. Wannan gaskiya ce da ya kamata a riƙa tunawa, domin ta nuna cewa sanin dabarar bai isa ya sa a riƙe ta ba. Waɗanda suka bar nasu ne suka fara ganin itacen girki da na gini da abincin dabba, ga shuka ta tsira daga iska. Abin da ya ba su ƙarfin gwiwa shi ne fahimtar da aka yi da jami'an gandun daji na yankin cewa manomi zai iya cin amfanin itacen da ya rena ba tare da tara ba. Dokar 1974 tana nan a takarda, amma an sassauta aiki da ita.

Sai kuma hukumar kanta ta yi rauni. Faɗuwar farashin yuraniyom, da rasuwar Kountché a 1987, da taron ƙasa na 1991, sun rage wa jami'an daji kuɗi da kwarjini. Janyewarsu ta bar fili, ƙauyuka suka cike shi. A Ɗan Saga da ke yankin Agye, inda ayyukan asusun IFAD suka daɗe, jama'a sun kafa kwamitin sa ido mai ɗauke da maza da mata da wakilan makiyaya, suka tsara tarar satar itace, suka sa mai gari ya tsaya musu. Dabarar ta bazu daga gona zuwa gona, ta bakin maƙwabta da 'yan kasuwa da 'yan ci-rani. Doka ta riƙa biyowa a baya: dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta daidaita haƙƙin gargajiya da na takarda ta kuma kafa kwamitocin filaye, dokar gandun daji ta 2004 ta buɗe ƙofar dazuzzukan ƙananan hukumomi da na masu zaman kansu, sannan a Yuli 2020 aka fitar da dokar da ta tsara renon toho ta kuma amince da haƙƙin mai renonsa.

Akwai masu cewa dawowar ruwan sama bayan 1990 ita ce ta dawo da itatuwan. Ruwa ya taimaka, babu shakka. Sai dai hotunan sun nuna itatuwan sun fi yawa a gonakin da ke cike da jama'a, ba a dajin da ba kowa ba. Wannan ya yi daidai da abin da Michael Mortimore da abokan aikinsa suka gano a karkarar Kano, inda yawan itatuwan gona bai ragu ba duk da fari da buƙatar itacen birni, saboda kowane itace yana da mai shi da aka sani.

6.0 Baban Rafi: Inda Masu Haƙƙi Suke da Yawa

Labarin dajin tarayya bai yi daɗin na gona ba. Baban Rafi, a yankin Madarumfa kusa da iyakar Nijeriya, yana cikin abin da ya rage na tsohon dajin, cike da geza da taramniya da sabara da marke, har a da giwaye sukan shigo shi daga kudu. A da manoma suna cin gefensa, manyan motocin 'yan itace daga Maraɗi suna cin cikinsa da takardar izini da aka saya a birni, ƙauyukan da ke kewaye kuwa ba su da ta cewa.

Bayan gwajin da aka yi a dajin Geselbodi kusa da Yamai a shekarun 1980, CARE ta fara wani shiri a Baban Rafi a ƙarshen shekarun, na kafa ƙungiyar masu saran itace da raba daji kashi-kashi ana sara bi da bi. Dokar 21 ga Agusta 1992 ta kafa kasuwannin itace na karkara a faɗin ƙasa: ƙauye ne kaɗai ke da ikon sara a yankinsa bisa adadin da aka ƙayyade, ɗan kasuwa ya zo ya saya a bakin daji, a karɓi haraji a nan take, kuma a kasuwannin da ke da cikakken tsari rabin harajin na ƙauyen ne. Wannan canji ne babba, domin wani kaso na kuɗin daji ya tsaya a ƙauye.

Amma nazarin Kent Elbow na 1994 a kan Baban Rafi ya nuna cewa tsarin daga sama ya sauko, kuma jami'ai da masana ne suke riƙe da muhimman shawarwari. An gina shi a kan itacen wuta, alhali ga Bafulatani daji makiyaya ne, ga mace wurin ganye da magani da 'ya'yan itace ne, ga marar gona kuma gonar gobe ce. Kalmar "jama'ar gari" ta ɓoye waɗannan bambance-bambance. Makiyayi mai zuwa da rani ba ya cikin rajistar ƙauye, don haka da wuya a ji muryarsa.

Ko a gonaki, nasarar tana da waɗanda ta bari a baya. Da itace ya yi daraja, mai gona ya fara hana abin da al'ada ta halatta, kamar sassaro wa dabba ganye. Mai aron gona ba ya samun izinin renon itace, don kada ya zama hujjar mallaka. Marthe Doka da Marie Monimart sun nuna a 2004 yadda ƙarancin ƙasa yake fitar da matan kudancin Maraɗi daga noma, gayaunarsu tana komawa cikin gandu. Kisan da aka yi a Toda a Oktoba 1991, inda Fulani fiye da ɗari suka rasa rayukansu, yawancinsu mata da yara, ya nuna inda rikicin gona da kiwo yake iya kaiwa idan babu mai sasantawa da kowa ya yarda da shi. A 'yan shekarun nan kuma Baban Rafi da Rugu sun zama maɓoyar 'yan bindiga, kuma tun 2019 dubban 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako jihar Maraɗi. Dajin da aka raba da maƙwabtansa, hukuma kuma ta kasa tsarewa, ya sake zama abin da yake a ƙarni na 19.

7.0 Kammalawa

A 1968 Garrett Hardin ya yi hasashen cewa duk dukiyar tarayya ƙarshenta lalacewa. A 1990 Elinor Ostrom ta nuna cewa jama'a suna iya tsare irin wannan dukiya idan iyakokinta a fili suke, masu amfani da ita suna da hannu a dokokinta, kuma hukuma ta amince da ikonsu. Tarihin Maraɗi ya ƙarfafa matsayin Ostrom, ya kuma ƙara masa wani abu. Itatuwa sun ɓace a lokacin da doka ta fi tsanani, suka dawo a lokacin da ta sassauta, a wuraren da amsar tambayar "na wane ne?" take da sauƙi. Inda amsar take da sarƙaƙiya, kamar a Baban Rafi, miƙa iko ga ƙauye kaɗai bai wadatar ba sai an zaunar da makiyayi da mace da baƙo a wurin yanke shawara.

Wannan darasi ya shafi shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda a siffarsa ta farko ya yi kama da shingen Stebbing. Ya kuma shafi jihohin arewacin Nijeriya, inda dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamnoni, ana kuma ƙirga nasara da yawan dashen da aka raba. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Aikin da ke gaban masu tsara doka da masu bincike shi ne tantance masu ɗakin duka, da haƙƙin kowannensu, kafin a kai ga maganar iri da ramin dashe.